Inda Takalmi Ya Tsaya

An yi ruwa kafin asuba, irin na tsakiyar damina da yake wanke gari ya bar rairayi sumul. Da gari ya waye sai labari ya bazu a Madarumfa cewa an sace jinin mutane.

Haka aka faɗe shi, haka kuma ya bi gida gida, don mu nan ba mu iya riƙe labari yadda aka ba mu shi ba, sai mun ƙara masa gishiri. Gaskiyar abin, akwatin sanyi ne ya ɓace, shuɗi mai farin murfi, cike da ƙanƙara da 'yan ƙananan kwalabe. Na Dokta Mariama ne, wata likita mai bincike da ta zo daga Yamai ta kama hayar gida a unguwar bakin tafki. Abin da ya kawo ta tsargiya ce, ciwon nan na fitsarin jini da tafkinmu yake raba wa masunta da masu lambu kyauta. Tana zargin yana da hannu a rashin haihuwa. Don haka ta nemi ma'auratan da suka daɗe ba su samu rabo ba, daga cikin gari da ƙauyukan Safo da Sarkin Yamma, suka ba da jini da fitsari, mazan kuma suka ƙara da abin da ba a ambata a gaban mutane. A safiyar nan mota za ta ɗauki akwatin ta kai Maraɗi a daskarar da shi kafin a wuce da shi Yamai. Motar ta zo, akwati babu.

Ajudan, babban jandarman garin, ya duba ƙofa, ya duba taga, ya ga ba a fasa komai ba, sai ya tura babur a ɗauko Ɗan Baba. A masallaci aka same shi, bai ko koma gida ba tun fitar asuba. Ɗan Baba mai bin sawu ne, dogon tsoho mai ƙarancin magana, wanda ya sha bin ɓarayin shanu har tsallaken iyaka ya dawo da dabbobin mutane. Ba shi da faɗa, sai fa in ka taka masa sawu. Da ya iso ya tarar rabin unguwa sun zagaye gidan suna ta jajantawa da ƙafafunsu.

"Ku da kunka zo taimako," in ji shi, "ku taimaka ku ja baya."

Aka ja baya ana gunaguni. Dokta Mariama ta fito, idanunta jawur, ta gaishe shi.

"Baba, in rana ta faɗi ba a same shi ba, ƙanƙarar za ta narke, komai ya lalace. Mutanen nan da kyar suka yarda suka ba ni. Ba zan iya komawa in sake roƙonsu ba."

"Mi ke ciki da ɓarawo za shi so?"

"Babu abin sayarwa ko ɗaya." Ta nemi yadda za ta sa masa abin a hanya. "Tsutsar tsargiya tana zuba ƙwai a jikin mutum. Wasu suna fita da fitsari, wasu su maƙale a hanyar haihuwa, ta mace ko ta namiji. Jiki ya yi ta faɗa da su, wurin ya kumbura, ya warke, ya bar tabo. Faɗan nan yana zubar da wasu ƙananan sinadarai a jini da ruwan jiki, waɗanda ido ba ya gani. Su nake aunawa. In na same su da yawa, na san an yi faɗa a wurin, ko da tsutsar ta daɗe da mutuwa."

"Ashe ke ma sawu kike bi."

"Sawu nake bi, Baba. Nawa dai sai da na'ura."

"Da sunan mutane bisa kwalaben?"

"Babu suna, lamba ce. In sakamako ya fito, miji da mata nake kira tare, in gaya musu su biyu a ɗaki ɗaya. Wanda ake iya yi wa magani a yi masa."

Ɗan Baba ya gyaɗa kai, ya sunkuya ya fara aikinsa. A gefen katanga, inda 'yan jaje ba su kai ba, ya samu abin da yake nema. Takalmin taya ne, irin wanda ake yankawa a kasuwa, dunduniyar dama ta ci ta gefe ɗaya, an kuma buga wa igiyar hagu ƙusa. Mai shi ya zo da sauƙin jiki, ya koma da nauyi yana karkata dama. Bayan ruwa ya zo, don ɗigon sama bai taɓa sawun ba. Ɗan Baba ya bi shi har bakin kwalta, a nan ya ɓace masa. Ya tsallaka ya duba ɗaya gefen, amalanke da awaki sun riga sun gama da wurin.

Ya dawo ya tsaya a bakin baranda yana kallon ƙasa ya daɗe.

"Wa ke riƙe da makulli?" ya tambaya.

Ruben ne yake riƙe da makulli. Saurayi ne ɗan Maraɗi, Kirista, shi yake ɗibar jini yana jera kwalabe, a gidan kuma yake kwana. Tun da sassafe ya gaya wa ajudan cewa akwatin yana cikin ɗaki a kulle lokacin da ya ɓace. Mutane kuwa sun riga sun yanke hukunci: baƙo ne, makulli na hannunsa, ba a fasa ƙofa ba, to me ya rage? Har wani ya rantse an ce ana sayen jini a kasuwar Jibiya.

Ɗan Baba ya ja shi bayan gida, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro.

"Yaro, mai takalmin ga bai kai ƙohwar ɗaki ba. Bakin baranda ya tsaya, ya duƙa, ya miƙe da kaya. Ƙaƙa anka yi akwatin da ke kulle ya hito ya tarbe shi?"

Gumi ya tsatso wa Ruben a goshi, alhali iskar bayan ruwa ce take kaɗawa.

"Baba, ni na hito da shi," ya ce a hankali. "Da ruwa ya ɗauke na aje shi bisa baranda don in mota ta zo kada a ɓata lokaci. Sai na ji yunwa. Na ce bari in tahi tasha in sha shayi in dawo."

"Ka daɗe?"

"Mai shayi bai hura wuta ba. Na jira."

"Mi ya hana ka hwaɗi haka tun sahe?"

"Madam ta hana ni barin akwatin ko na ƙiftawar ido. Ita ta nema mini aikin ga. Da wane ido za ni dube ta in ce shayi?"

Ɗan Baba ya dubi ƙafafun Ruben, rufaffen takalmi ne na roba irin na ma'aikatan likita, ƙafar ma ba ta kai girman waccan ba. Ya ce masa ya je ya faɗa da bakinsa. Ruben ya je ya faɗa, kansa a ƙasa. Dokta Mariama ta juya ta shiga ɗaki, wannan kuwa ya fi masa zagi ciwo. Ajudan ya ce wanda ya yi ƙarya sau ɗaya ba a sakinsa da wuri, ya sa aka zaunar da shi a inuwar mota.

A bayan gidan nan, inda dogon yaro ya tare ƙarfin ruwa, Ɗan Baba ya ga wani sawun, shi ma takalmin taya, ya zo har ƙaramar ƙofa ta baya ya koma. Wannan bai sha wahalar gane shi ba, don mutum ɗaya ne a unguwar yake tafiya yana watsa ƙafa kamar agwagwa. Alhassan masunci ne, kuma duk Madarumfa babu wanda ya kai shi zagin aikin Dokta Mariama. A majalisa, a bakin masallaci, a wurin mai nama, kullum maganarsa ɗaya: matar nan ta zo ta kashe mana iri, duk wanda ya ba ta jini ya gama haihuwa.

A bakin tafki ya same shi yana ɗinkin koma, ragar kamun kifi.

"Alhassan, mi ya kai ka ƙohwar baya ta gidan likita?"

"Ni? Allah shi kiyaye. Ni da ko inuwar gidan ban bi."

"To takalminka ya tahi ba da saninka ba. Ka riƙa ɗaure shi."

Alhassan ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya waiga hagu da dama. Masunta biyu suna can nesa suna kwashe ruwa daga jirgi. Ya matso, ya rage murya har sai da Ɗan Baba ya karkato kunne.

"Don girman Allah, Ɗan Baba, ka ruhwa mini asiri. Jiya da magariba na tahi. Hitsarina ya koma kamar ruwan zoɓo, mara tana ta ciwo. Yaron nan Ruben ya amshi hitsarin, ya ba ni ƙwayoyi, bai ko tambaye ni abin da nike cewa a majalisa ba."

"Kuma yanzu shina zaune ƙasa gaban jandarma, kai kana ɗinkin koma."

Alhassan ya yi tsuru tsuru. Tun a can Ɗan Baba ya lura sawun Alhassan duk ɗigon ruwa ya huda shi, wato kafin ruwa ya zo, ɓarawo kuwa bayan ruwa. Ya zo ne kawai don ya ji da kunnensa, kuma in gaskiya za a faɗa, don ya ga Alhassan ya yi shiru sau ɗaya a rayuwarsa.

Har rana ta take tsaka yana zagaya bakin kwalta, yana leƙa kowane lungu da ya ɓalle daga titi. Babu. Ajudan ya aiko masa cewa bayan la'asar za a taru a ƙofar mai unguwa, in ba a samu kowa ba za a wuce da Ruben birigadi, ofishin jandarma. Ɗan Baba ya ji gwiwoyinsa sun fara kuka, ya ce bari ya je gida ya sha fura ya yi azahar.

Gidansa shi ne na ƙarshe a lungun da yake gangarawa wajen lambuna, ba a cika binsa ba. Yana shiga lungun ya ga dunduniyar dama da ta ci gefe ɗaya, ga ƙusar igiyar hagu. Mai shi yana raɓe da katanga, yana karkata dama. Ɗan Baba ya manta da fura. Ya gane dabarar: hanyar lambuna biyu ce, ɗaya ta ƙofar masallaci inda ake sallar asuba, ɗaya wannan. Ya bi a hankali, zuciyarsa fes, irin daɗin da yake ji duk lokacin da sawu ya dawo hannunsa.

Kafin ƙofar gidansa kaɗan takalmin ya tsaya. A wurin akwai shatar gindin akwati a kan rairayi, an ajiye an sake ɗauka. Daga nan sai tafin ƙafa tsirara, yatsu biyar biyar, suka wuce ƙofar zauren. Da aka wuce kusurwar katanga, ga shatar akwati kuma, ga takalmi ya dawo ya ci gaba da tafiya.

Da farko ya ɗauka wayo ne na ɓad da sawu. Amma mai ɓad da sawu ba ya mayar da takalmin a fili bayan 'yan taku. Ya ce ko don kada a ji motsinsa ne, amma takalmin taya a jiƙaƙƙen rairayi ba ya ƙara, kuma ya wuce ƙofofi da yawa bai cire ba. Ƙofa ɗaya tak ya cire wa takalmi. Mutum yana ɗauke da kayan sata, yana sauri, gari bai gama wayewa ba, babu mai ganinsa, amma ƙafarsa ta ƙi wuce wannan ƙofa da takalmi. A ƙasar nan mutum ɗaya ne yake yi wa ƙofarka haka ko kana nan ko ba ka nan, shi ne wanda ka ba 'yarka.

Ɗan Baba ya dafa katanga. Suruki ɗaya gare shi a garin nan, Salisu mai lambu, mijin autarsa Ruƙayya. Yaro ne mai ladabi da ko ido ba ya haɗawa da shi. Sun daɗe da aure ba haihuwa, kuma gari ya riga ya san laifin wa: uwar mijin, Hajiya Ɗelu, ba ta ɓoye kalmar juya ko a gidan biki. Ita ce ma ta matsa sai da suka je wurin Dokta Mariama, wai a auna a tabbatar mata da abin da ta sani.

Ya tsaya yana kallon tafin ƙafar nan. Da tsintsiya ɗaya zai iya share shi, babu kuma wanda zai taɓa sani. Bai share ba, bai kuma shiga gida ba. Ya bi takalmin ya gangara.

Sawun ya shiga lambun Salisu ya miƙe zuwa rijiya. Salisu yana can cikin kunyoyin tumatir, da ya hango wanda yake tafe sai ya saki fartanya ya durƙusa tun daga nesa.

"Barka da rana, Baba."

"Barka kadai. Ya aiki?"

"Da godiya."

Iyakar maganar da ta shiga tsakaninsu ke nan. Ɗan Baba ya leƙa rijiya. Akwatin yana rataye da igiyar guga, dab da ruwa inda ya fi sanyi, an lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna. Tafki yana nan kusa, jifa ɗaya ya isa a rabu da shi har abada, amma yaron ya kasa. Ɗan Baba ya kama igiyar ya fara ja, ƙarfinsa bai kai ba. Sai ya ji an kama igiyar daga bayansa. Suka jawo shi tare, kowa yana kallon wani gefe. Salisu ya ɗaura wa jaki amalanke, ya ɗora akwatin, ya gyara buhunan, ya miƙa linzami da hannu biyu. Ɗan Baba ya karɓa ya kama hanya. Bai waiga ba, amma yana jin tafiyar mutum a bayansa har cikin gari.

Ƙofar mai unguwa ta cika tun kafin a idar da la'asar. Ga ajudan a kujera, ga Ruben a ƙasa, ga Alhassan ya laɓe a bayan mutane, ga mata sun yi layi a jikin katanga, Hajiya Ɗelu a gaba don ba a taro ba ita. Dokta Mariama ta buɗe akwatin. Ƙanƙarar ta narke rabi, ta duba 'yar na'urar da take ciki mai nuna sanyi, ta ce alhamdu lillahi, bai wuce ba. Nan take direba ya ɗauka ya kama hanyar Maraɗi.

Ɗan Baba ya so a tsaya a nan. Ya ma fara jan jakin zai juya.

"Ina ka same shi?" in ji ajudan.

"Cikin wata rijiya, wajen lambuna."

"Wa ya sa shi ciki?"

Kafin ya amsa, wani daga cikin taro ya ce ai a bayyane take, baƙon nan ne ya ɓoye kafin dare ya yi ya tsallaka iyaka da shi. Wasu suka ce ƙwarai. Ajudan ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Ɗan Baba, ni abin da ke hannuna shi ne yaron ga ya yi mini ƙarya, kuma shi kaɗai ya san akwatin na waje. In kana da wani, hwaɗi. In babu, yau kaso za shi kwana, gobe a kai shi gaban alƙali."

Ruben ya ɗago ya dube shi. Bai roƙe shi ba, kallo kawai ya yi. Ɗan Baba ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Ya sha tsayawa a gaban taro yana nuna ɓarawo da sanda, bai taɓa jin harshensa ya yi nauyi irin na yau ba.

"Ba shi ba ne," ya ce. "Ƙahwarshi ba ta kai ba. Ba kuma Alhassan ba ne, shi kahin ruwa ya zo."

Aka juya ana kallon Alhassan, ana tambayar me ya kai shi, shi kuwa ya duƙa yana gyaran takalmin da bai lalace ba.

"Mai akwatin ya bi lungun lambuna," Ɗan Baba ya ci gaba. "Ya wuce ƙohohi da takalminshi. Da ya zo ƙohwa guda sai ya aje kaya, ya tuɓe takalmi, ya wuce, ya maida."

Tsofaffin da suke kan tabarma suka dubi juna. Su sun riga sun gane, saura su ji gidan.

"Ƙohwar wa?" in ji ajudan.

"Tawa."

Babu wanda ya ambaci suna, shi ma bai ambata ba, bakinsa bai taɓa kiran sunan nan ba tun ranar ɗaurin aure. Daga can baya Salisu ya ratso mutane ya zo ya durƙusa a gaban ajudan.

"Ni ne, ranka shi daɗe. Na zo wucewa lambu na gane shi bisa baranda ba kowa. Ku saki Ruben."

"Mi za ka yi da shi?"

"Kwalba guda nike so in hidda. Da na buɗe sai na iske ba suna, lamba ce. Ban san tawa ba."

Hajiya Ɗelu ta fito tsakiyar fili tana gyara mayafi.

"Ku ji mini. Ni na san abin da ya sa. Ita ta sa shi. Juyar nan ta san in an auna asirinta za shi tonu, shi ne ta yi mishi kuka, shi kuma da taushin zuciya ya tahi ya jawo ma kanshi. Ɗana bai taɓa ɗaukar allurar wani ba."

Mutane suka fara gyaɗa kai, don maganar ta zauna musu daidai, har wasu suka fara tausaya wa Salisu. Da ya yi shiru a nan, da ya tashi da sunan mijin da ya yi sata don rufa wa matarsa asiri, kuma mu nan muna yafe irin wannan da wuri. Dokta Mariama ta matso ta ce wannan ba maganar fili ba ce, a bar ta sai an shiga ɗaki. Salisu ya girgiza kai.

"Inna, ba ita ba ce."

"Mi ka ce?"

"Ba ita ba ce, ni ne. Tun shekarun baya na tahi likita Maraɗi ni kaɗai, anka auna ni. Sunka ce tsargiyar da na yi tun ina yaro ta yi mini ɓarna, in dawo a gwada magani. Ban koma ba, ban gaya ma kowa ba. Ina ji kina ce mata juya, ina shiru. Da anka ce miji da mata za a kira tare a hwaɗa musu, sai na ga ba ni iya zama kusa da ita a hwaɗi wanga."

Hajiya Ɗelu ta ja mayafi ta rufe fuska ta bi jikin katanga ta tafi. Maza suka sunkuyar da kai, don rabinsu sun yi wanka a tafkin nan tun suna yara, kowa kuma yana lissafin kansa. Ajudan ya sallami Ruben. Dokta Mariama ta ce ita ba ta kai ƙara, kayanta sun dawo, amma ajudan ya ce sai Salisu ya bi shi birigadi an rubuta magana tukuna. Da za su wuce ta gaban Ɗan Baba, Salisu ya rage tsawo kamar kullum, Ɗan Baba kuwa ya kau da kai yana kallon jaki.

Rana ta yi ja lokacin da ya isa gidan 'yarsa. Ba ya shiga gidan nan, amma yau ya yi sallama ya shiga. Ruƙayya tana tsugune a bakin murhu tana kwashe tuwo a kwano. Labari ya riga shi zuwa, ya gani a fuskarta. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta durƙusa ta gaishe shi. Ya zo da magana a bakinsa, yana so ya ce mata Allah ya wanke ta, yau gari ya san ba ta da laifi.

"Ɗiyata, kin ji abin da ya hwaɗi gaban mutane?"

"Na ji, Baba. Na daɗe da sani."

Ya dube ta.

"Ranar da ya dawo daga Maraɗi ya kawo mini turmin atamhwa, ba salla ba, ba biki ba. Daga ranar bai ƙara iya tsayawa inda nike shan magani ba, da na ɗauko ƙoƙo sai shi hita. Mace ba ta buƙatar likita ta gane wanga."

"Kika yi shiru ana ce miki abin da ake ce miki?"

"Ni in an ce mini juya, in shiga ɗaki in yi kuka in hito in ɗora tukunya. Shi in an hwaɗa mishi, ina za shi zauna cikin maza? Na ga ni na hi iya ɗauka." Ta rufe kwanon da faifai. "Da an bar mu munka shiga ɗakin likita mu biyu, da na gaya mishi na sani, a yi mishi magani, ba wanda ya ji. Kwana kaɗan ya rage, Baba."

Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya so ya ce mata akwai yaron mutane da za a kai kaso, ya ga ta sani, kuma sanin bai rage komai ba.

Ta ɗaure kwanon a ƙyalle za ta kai birigadi. Har ta miƙe sai ta tsaya a gaban wata 'yar tukunya da take gefen randa, baƙin ruwa a ciki da saiwoyi suna iyo, ɗacinsa yana tashi har inda yake zaune. Ya gane saiwoyin. Shi da kansa ya hau amalanke ya je Safo ya karɓo su wurin wani mai magani, ya aiko mata da saƙon ta daure ta riƙa sha safe da yamma, kada ta ba shi kunya a gidan mutane.

"Na yau da marece ban sha ba tukuna," in ji Ruƙayya. "In zubar, Baba, ko in sha?"

Ɗan Baba ya kasa ɗaga kai. Ta jira shi kaɗan, da ta ga ba zai amsa ba ta ɗauki kwanon tuwon mijinta ta fita, ta bar shi zaune da tukunyar.